INDARARON BABA

Ga shi hunturu ya juya baya, zafi ya sauka, kuma duk wanda ya ɗaga kai wajen teku da yamma ya san hadari ya fara haɗuwa. Shi ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami in ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu na Nima, abin da na daɗe ina jin nauyin faɗinsa a gaban jama'a. Labarin indararo ne, wato dogon kwanon nan da ake kafawa a bakin rufi don ya tare ruwan sama, wanda yaranmu na yanzu ba su san shi da wani suna ba sai gota. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke damun Zongo a rasa abin rubutu sai kwanon bakin rufi? To ɗan'uwa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Wannan kwanon ya kusa raba mu da mahaifiyarmu, ya kuma kusa raba mu da maƙwabcin da muka fi shekara hamsin muna zaune bango da bango.

Kakanmu Bakano ne. Fataucin goro ya kawo shi Salaga, daga nan ya zarce Kumashi ya zauna, a can aka haifi Baba. Baba ya gangaro Ankara yana saurayi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Nima ke cika da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa da leburori daga arewa. Manya sun sha gaya mana cewa Malam Amadu Futa ne ya fara samun filin unguwar a hannun mutanen Osu cikin shekarun 1930, kuma a da wurin daji ne da shanu. Baba ya gama gininsa a 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai. Ɗaki goma sha biyu ne kewaye da tsakar gida, bangon jar ƙasa aka shafe da siminti, rufin kwano, sai bishiyar dalbejiya guda a tsakiya. Irin gidan da kowannenku ya sani ne, ko a Nima, ko Maamobi, ko Sabon Zongo, ko Fadama.

Indararo biyu ne a gidan. Na ciki yana kewaye tsakar gida ya zube a manyan duro uku da ke bakin madafa. Na baya kuwa dogo ne, ƙafa arba'in, yana bin bayan ɗakuna huɗu, a saman lungun da ya raba mu da gidan Alhaji maƙwabcinmu. Lungun nan idan mutum biyu suka haɗu a ciki sai ɗaya ya yi gefe ya manne da bango. Ɗakin Mma shi ne na uku a layin.

Sau biyu a shekara Baba yake hawa sama. Na farko idan hunturu ya wuce, cikin watan Maris, kafin babbar damina ta kama. Na biyu wajen ƙarshen Agusta, kafin ƙaramar damina ta Satumba da Oktoba. Ba ya fashi, ko da ranar ta faɗo cikin azumi. Bayan sallar asuba zai sa a fito da tsani, da guntuwar tsintsiya, da bokiti, da guduma, da gwangwanin ƙusoshi, da ɗan kwalta a cikin tsohon gwangwanin madara. Aikina shi ne riƙe tsani. Tun ina ɗan shekara takwas nake riƙe shi, ina jin haushi, domin a lokacin abokaina suna can suna buga ƙwallo. Zai kwashe ƙurar da hunturu ya tara, wadda ta haɗu da ganyen dalbejiya ta zama kamar taki, ya miƙo mini bokiti bayan bokiti. Zai bi ƙarafan da ke riƙe da kwanon ɗaya bayan ɗaya yana girgiza su da hannu. Wanda ya yi motsi sai ya ƙara masa ƙusa. Inda ya ga tsatsa ta fara huda sai ya goge ya liƙa kwalta.

Idan ya gama sai ya ce, “Miƙo mini buta.” Butar alwalarsa ce, cike da ruwa. Sai ya je can ƙarshen da ya fi tudu ya juye ta, ya ce in ruga ɗaya ƙarshen in tsaya. Idan ruwan ya fito kusan duka, to aiki ya yi. Idan na jira na ga ɗigo kaɗan, sai ya ce akwai inda ya kwanta, ya sake bi da ido har ya gano wurin, ya ɗaga shi. Ba ya sauka sai butar nan ta fito.

Wata rana na tambaye shi, “Baba, ai bai lalace ba, me ya sa kullum sai mun hau?” Ya dube ni daga saman tsani ya ce, “Don muna hawa ne bai lalace ba.” Daga nan ya ba ni labarin da ya ji daga bakin mahaifinsa, cewa a Kano duk mai soro ya san kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, domin ginin ƙasa ba ya yafe wa mai sakaci, kuma gidan da aka bari shekara biyu ba yaɓe kowa a unguwa ya san maigidan ya mutu ko ya talauce. Da ya dawo daga Makka kuwa sai ya sami sabuwar hujja. Ya ce ya ga Indararon Rahama da idonsa a saman Ka'aba, na zinariya, yana kallon Hijir Isma'il. Ya ce in dai Ɗakin Allah an yi masa indararo ana kula da shi, wane ne shi da zai raina nasa na kwano? Yakan kuma ba mu labarin Sayyidina Umar, wanda ruwan indararon gidan Abbas ya ɓata masa tufafi a hanyar masallacin Juma'a, ya sa aka cire shi. Da Abbas ya shaida masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya kafa shi da hannunsa, sai Umar ya duƙa ya ce Abbas ya taka bayansa ya mayar da shi wurinsa. A lokacin ina jin waɗannan labarai ne kawai don hannuna na kan tsani, ba ni da wurin gudu.

Amfanin aikin ya fito mini fili sau biyu tun Baba na da rai. A 1983, shekarar fari da yunwa da gobarar daji, shekarar da 'yan'uwanmu suka dawo daga Najeriya da jakunkuna, mutum ya fi talatin a gidanmu. Duk ɗan yayyafin da ya sauka, indararon Baba bai bar ɗigo ya faɗi ƙasa a banza ba, har mata daga wasu gidaje suna zuwa roƙon bokiti ɗaya. Sai kuma ambaliyar watan Yuli na 1995, wadda ta yi ɓarna a wurare da yawa na Ankara. Ruwa ya shiga gidaje a gangaren unguwa, bangaye sun faɗi, amma namu ko tsagewa bai yi ba. Mma ta ce addu'a ce. Baba ya ce addu'a ce, da ƙusa.

Allah ya yi wa Baba rasuwa a 1998. Ya bar mu mu tara, da Mma, da gida. Aka yi rabon gado yadda shari'a ta tsara, malamai suka zauna, kowa ya san kasonsa. Da yake ba a sayar da gidan ba, aka yarda a zuba 'yan haya a ɗakunan da babu kowa, a riƙa raba kuɗin. An rubuta kowane ɗaki a takarda. Abin da ba a rubuta ba shi ne rufi, da bango, da indararo, da tsani. Waɗannan na kowa ne, kuma a nan matsalar ta fara.

Shekara biyu na farko ni na hau, don hannuna ya saba. A ta uku na yi aure na koma Madina, sai na ce ai Yaya Babba yana gidan, shi ne magaji. Yaya Babba ya ce shi ƙafarsa ba ta hawa tsani, kuma ai akwai samari. Samarin suka ce su ba su ke karɓar kuɗin haya ba. Ɗaya ɗan'uwanmu yana Hamburg, ɗaya yana Bronx a Amurka, ɗaya ya bi ta sahara ya tafi Libiya. Idan sun aiko da kuɗi, na suna ne ko na biki ko na ragon layya. 'Yan haya kuwa sun biya shekara biyu gaba ɗaya kamar yadda aka saba a Ankara, mun raba mun cinye tun a watan farko, saboda haka idan suka kawo kuka babu ko sidi ɗaya da ya rage na gyara. Ni kaina da nake rubutun nan, nakan zo gaida Mma kowace Juma'a, in wuce ta ƙarƙashin tsanin Baba da ke rataye a bango, ban taɓa ce masa komai ba.

Indararon ciki ya ɗan samu kulawa, domin mata na buƙatar ruwansa, musamman a shekarun da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, yara suna yawo da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da aka laƙaba wa sunan Kufuor. Na baya kuwa ba mai ganinsa sai wanda ya shiga lungu ya ɗaga kai. Ƙurar hunturu ta shekara goma sha biyar ta taru a ciki. Ledar fiya wata da yara ke jefawa sama ta toshe bakinsa. Har ciyawa ta tsiro, wata 'yar bishiya ta fito tana kaɗawa. Tsakiyarsa ya yi ciki kamar hamoki, daidai bayan ɗakin Mma. Idan aka yi ruwa, maimakon ya gangara ya fita ta ƙarshe, sai ya taru a cikin nan ya malalo, rabi ya bi bangonmu, rabi ya daki bangon Alhaji.

Alhaji ya yi magana. Dattijo ne, abokin Baba tun suna samari, tare suka je Makka. Da farko ya aiko jikansa. Bayan wata damina ya tare Yaya Babba a ƙofar masallaci ya ce, “Ɗana, ruwanku yana cin bangona, ku duba gotar nan.” Yaya ya ce to Baba Alhaji, in sha Allahu. Aka sake wata damina. Karo na uku ni ya samu, ranar Juma'a, ya kama hannuna ya kai ni lungun ya nuna mini. Gindin bangonsa ya yi kore, simintin ya kumbura yana ɓarewa. Ya ce, “Mahaifinku bai taɓa bari ɗigon ruwansa ya taɓa ni ba.” Na sunkuyar da kai na yi alkawari. Da na kai maganar gida sai ta zama gardamar wa zai biya. Wani ƙanenmu ma ya ce ai ruwan sama na Allah ne, ba mu muka saukar da shi ba, kuma maganar ta koma kunnen Alhaji. Daga ranar ya daina shigowa gaida Mma. Matan gidajen biyu suka daina aika wa juna tuwo da azumi. Zumuncin shekara hamsin ya tsaya a kan abin da bai fi aikin safiya ɗaya ba.

Sai daren Laraba, 3 ga Yuni, 2015, saura kamar mako biyu a kama azumi. Babu mutumin Ankara da zai manta da wannan dare. Ruwa ya hana ni komawa Madina, na kwana a Nima. Tun da magariba ake zuba shi kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe goma sai muka ji ana dukan ƙofar gida da ƙarfi. Da na buɗe sai ga Alhaji da kansa, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, jiƙe sharkaf, da tocila a hannu, 'ya'yansa biyu a bayansa. Ko sallama bai tsaya yi ba. Ya ce, “Ku fitar da Hajiya daga ɗakin nan yanzu. Bangonku yana tafiya.” Ashe ya leƙa lungu ta tagarsa ya ga indararon ya tsinke daga tsakiya, ruwan rufin gaba ɗaya yana zuba a gindin bangon wuri guda, kuma bangon ya fara yin ciki.

Mma ba ta iya tafiya da sauri, ƙafafunta sun yi nauyi. Ni da babban ɗan Alhaji muka ɗauke ta a kan kujera muka tsallaka da ita tsakar gida cikin ruwa har gwiwa, aka kai ta gidan Alhaji, ɗakin uwargidansa, wadda ta shekara biyu ba su yi magana ba. Ba mu fi rabin sa'a da fita ba muka ji ƙara. Bangon baya na ɗakin ya zube, rabinsa cikin lungu, rabinsa a kan gadon da Mma take kwance.

Da gari ya waye muka ji abin da ya faru a Kwame Nkrumah Circle, inda mutane suka fake wa ruwa a gidan mai, man ya bi ruwa, wuta ta tashi. Mutum fiye da 150 suka rasu a daren, Shugaba Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ganin wannan, asararmu ba abin faɗi ba ce, bango ne da gado da akwatin zannuwa. Amma na tsaya a kan tarin jar ƙasar nan da safe, na ga tsohon indararon Baba a lanƙwashe cikin laka da 'yar bishiyarsa, kuma na san ba ambaliya ce ta rushe ɗakin ba. Ai bangon ya ga ta 1995 yana tsaye.

Kafintan da muka kira, wanda duk unguwa ke ce wa Masta, shi ya yi mini bayanin da nake so ku ma ku ji. Ya ce indararo ba ya lotsawa rana ɗaya. An yi shi ne don ruwa ya wuce ta cikinsa, ba don ya ɗauki kaya ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Indararo mai ƙafa arba'in idan ya toshe ya cika, nauyin ruwan da ke ciki ya fi buhun siminti mai kilo 50, idan kuma akwai jiƙaƙƙiyar ƙasa to a lissafa buhu biyu. Duk wannan nauyi yana rataye ne a kan 'yan ƙusoshi. Ƙusa ɗaya za ta fara saki, wurin ya ɗan sauka. Inda ya sauka nan ruwa zai riƙa kwanciya bayan an ɗauke. Ruwan da ya kwanta zai jawo tsatsa, ga kuma iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe a Ankara fiye da yadda take yi a Tamale ko Kumashi. Idan ya malalo ta baya sai ya jiƙa katakon da aka kafa ƙarafan a jiki, katakon ya ruɓe, musamman in wawa ne ba odum ba, sauran ƙusoshin su rasa abin kamawa. Kowace damina cikin yana ƙara zurfi, har ranar da zai tsinke.

Ya kuma yi mini lissafin ruwan. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ke nan. Gefen rufinmu na baya ya kai murabba'in mita 50. Ruwan dare ɗaya mai milimita 30, wanda ba wani abin mamaki ba ne a watan Yuni, zai ba da lita 1,500, wato duro bakwai da rabi. Ya ce, “Alhaji ƙarami, ka ɗauki duro bakwai ka juye a gindin bangon ƙasa, ka maimaita duk mako har shekara goma, ka ga ko dutse ne.” Simintin da aka shafa a waje yana ɓoye ɓarnar. Ruwa na shiga ta ƙasa da ta tsagogi, jar ƙasar ciki tana laushi, daga waje kuwa bango na nan kamar lafiya lau. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ruwa ya fi ƙadangare sanin hanya.

Sake ginin bangon da bulo, da gyaran na Alhaji wanda muka ɗauka a kanmu, da sabon katako daga Timber Market, da sabon indararo, sun cinye kuɗin hayar gidan gaba ɗaya na fiye da shekara. Na Hamburg da na Bronx suka aiko da abin da suka iya. Abin da da ƙusoshin sidi kaɗan da tsintsiya za su tare, sai da muka ci bashi a kansa.

Bayan sallah ƙarama muka zauna taron gida, waɗanda ke waje aka sa su a waya. An yi faɗa, an tono tsofaffin maganganu. Mma ce ta rufe taron. Ta ce, “Kun raba ɗakunan ubanku, wa kuka ba tsaninsa?” Ba wanda ya amsa. A ranar muka yanke abu uku. Na ɗaya, kuɗin hayar ɗaki guda ba a raba shi, ana ajiye shi don gyara kawai, kuma ƙanwarmu ce ke riƙe da littafin, don ta fi mu tsoron Allah a kan kuɗi. Na biyu, an ɗora aikin hawa sama a kan mutum ɗaya da sunansa, ni ne, duk Maris da duk Agusta. Na uku, muka tashi gaba ɗaya muka shiga gidan Alhaji muka durƙusa muka ba shi haƙuri. Tsohon ya yi kuka. Ya ce ba bangonsa ne ya dame shi ba, ganin gidan abokinsa yana mutuwa a tsaye ne. Allah ya yi masa rasuwa bayan shekara biyu, muna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Yanzu ga abin da na koya, daga Baba da daga Masta, ga duk mai son ya amfana. A kwashe indararo sau biyu a shekara, in akwai bishiya kusa a ƙara sau ɗaya a tsakiyar damina. A fara da bakin da ruwa ke fita, nan leda ke maƙalewa, kuma a sa masa 'yar ragar waya. Ƙarafan da ke riƙe da shi kada tazararsu ta wuce ƙafa biyu, wanda ya yi tsatsa a canza shi, kuma sukurori sun fi ƙusa riƙo. A soka wa katakon baya tsinin wuƙa, in ya shige da sauƙi katakon ya mutu, ƙara masa ƙusa ɓata lokaci ne. Gangaren kada ya gaza inci ɗaya a ƙafa arba'in, a ɗaura zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe a ja shi ya miƙe, duk inda kwanon ya bar zaren za a gani. Na roba da ake sayarwa yanzu ba ya tsatsa, amma rana na sa shi laushi, shi ma yana lotsawa in ƙarafansa sun yi nisa da juna. Ruwan da ya fito a kai shi duro ko a yi masa hanya har gotar titi, kada a bar shi ya zuba a gindin bango, naka ko na wani. Ruwan farko na damina a bar shi ya wanke rufi ya wuce kafin a tara. A rufe duro, domin sauro ba ya buƙatar fiye da mako ɗaya zuwa kwana goma a ruwan da ya kwanta kafin ya tashi da fiffike, kuma indararon da ya yi ciki gidan sauro ne a saman kan yaranmu.

Sai maganar tsani. Kada a jingina shi a jikin indararon, shi kansa wannan yana lanƙwasa shi. Kada a hau rufi yana jiƙe. Kada a hau ba mai riƙewa a ƙasa. A kula da wayoyin lantarki, kun san yadda suke ratsa lungunanmu ƙasa-ƙasa. Wanda shekaru suka kama shi ya ba samarin bes ɗan abin shan koko su hau, shi ya tsaya ƙasa yana nuni.

Abin da muka kwaso kuma kada a juye shi a lungu ko a babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Duk abin da aka jefa a can yana gangarawa kogin Odaw, ya bi ta Circle, ya nufi Korle. Idan hanyar ta toshe da yashi da leda, ruwan baya yake dawowa, kuma mun ga inda ya tsaya a 2015. Muna yawan zama muna zargin hukuma a kan manyan magudanu, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ledar da ke can daga hannun wani ta fito.

Na san gidaje da yawa a Zongo irin namu ne. Wanda ya gina ya tafi, magada sun warwatsu daga Nima har Jamus, kowa ya san ranar karɓar haya. Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni, idan an zo rabon gado a riƙa tambaya wa zai kula da rufi, a rubuta shi a takarda kamar yadda ake rubuta ɗakuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma sai an ce wa wani kai ne za ka kama nan. 'Yan'uwanmu na ƙasashen waje kuma, idan za ku aiko da na ragon layya, ku tambaya yaushe rabon da a hau sama.

A watan Maris da ya wuce ƙafata ta fara ciwo, sai na sa ɗan Yaya Babba ya hau, ni na riƙe masa tsani. Yana ta gunaguni, abokansa na jiransa. Da ya gama zai sauko na ce ya tsaya, na miƙa masa buta. Ya ce, “Baba ƙarami, wannan kuma ta mece ce?” Na ce ya je can ƙarshe ya juye, zan gaya masa. Na zaga lungu na tsaya a bakin bututun, ruwan ya fito duka.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ambaliya da gobara, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin. Wassalam.